Ɗalibin da Ba Ya Amshi

Manu ba ya son waƙa, kuma ba shi da hanyar gudu. Kullum da hantsi Malama Shafa'atu za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta jera yaran unguwa, sannan a zaunar da shi can ƙarshen layi, bayansa jingine da katanga. In ta ba da waƙa yara suka amsa, sai ta juyo ta ce masa, "To, saura kai." Shi kuwa ko uffan.

Ba taurin kai ba ne kawai, ko da yake yana da shi buhu guda. Manu ba ya magana. Kalma takan taso masa har maƙogwaro ta tsaya cak, in ya matsa mata sai gurnani ya fito, yawu ya biyo baya. An kai shi asibitin Bagudo, an tsallaka da shi ƙasar Benin wurin mai saiwoyi, duk a banza. Yara kuwa, ka san su, ba su da ta-ido, sai ƙyalƙyala. Malama ta harare su, ta sa gefen mayafi ta share masa baki a gaban kowa. Wallahi wannan sharewa ta fi dariyar yi masa ciwo.

Amfanin rashin magana ɗaya ne: mutane na zance a gabanka kamar kai turmi ne. Ta haka Manu ya san halin da Malama take ciki. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, inda take karanta koyar da waƙa, wato yadda ake haɗa muryoyin yara da yawa su tashi tare su sauka tare. Dangin uwarta ne suka kai ta, don mahaifinta ya sha faɗa cewa ɗiyar mai shanu ba ta zama zabiya. Da damina ta faɗi ta zo gida Illo, sai ƙofa ta rufe a bayanta. Bappa Sufyan, ƙanen mahaifin nata, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya rantse ba za ta koma ba sai uban ya sallame ta da bakinsa. Uban kuwa bai ce je ki ba, bai ce zauna ba.

Makaranta ta aiko cewa jarrabawar ƙarshe ta matso, inda za ta tsaya gaban malamai ta ja ragamar mawaƙa. Wanda bai zo ba, an soke sunansa.

Duk da haka ba ta fasa bin Manu ba. Wai a can aka koya musu cewa harshen da ya ƙi magana yakan yarda da waƙa. In ta sallami yara sai ta tsuguna gabansa, ta kama hannunsa na hagu tana bugawa a hankali bisa gwiwarsa, tana rera masa, "Ba ni ruwa, ba ni ruwa," da wata murya mai hawa da sauka irin ta kiran shanu. Manu ya kau da kai. A ransa yana cewa aikin banza, harara a duhu. Amma in ta tashi, muryar nan ba ta barin kansa.

Ranar kasuwar Lolo ita ce damarta ta ƙarshe, don ranar ce ake samun motar Birnin Kebbi da wuri a can. Jakarta na ɗaure tun jiya. Bappa Sufyan ya ɗauko kujera ya dasa a bakin zaure, yana jan casbi.

"Bappa, don Allah," in ji ta, tana durƙushe.

"Ɗiyata, ni mi nac ce? In ya hwaɗi, ga hanya nan."

Ta tashi. Ta jera yara, ta ba da waƙa. Suka amsa. Ta juyo ga Manu, ya buɗe baki, gurnani ya fito. Yau ko yaran ba su yi dariya ba. Ta ce su tafi gida, ta shiga naɗe tabarma, hawaye na ɗiga a kan kaba.

Manu yana kallonta, baƙin ciki ya cika masa ƙirji. Wani abu ya tsaya masa a rai. Duk tsawon daminar nan, da kalmar da za ta amfane ta ta so sa masa a baki, da ta sa. Ba ta taɓa ba. "Ba ni ruwa" kawai take koya masa, don ƙishirwarsa ce ta dame ta.

Daga nesa aka ji ɗan kamasho yana kiran Lolo, Lolo, saura mutum ɗaya. Manu ya ɗaga hannun hagu ya buga a gwiwarsa. Ya sake bugawa. Ya daina kokawa da kalmar, ya bar muryar kiran shanu ta ɗauko ta. Ta fito a karkace, a dishe, amma duk wanda ke gidan ya ji.

"Je ki... je ki, Shafa'atu."

Casbi ya suɓuce daga hannun Bappa Sufyan. Malama ta saki tabarma ta zube ƙasa, ta kifa goshinta a kan hannunsa na dama, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe tun farkon damina. Ba sallamar ce ta karya mata zuciya ba. Ita ɗiyar fari ce, Manu kuwa Bafillace, kuma tun ranar da ya yanka mata ragon suna, sai yau ta ji sunanta a bakin mahaifinta.