Babi Biyu na Sata

"Wallahi ni na rubuta shi, da hannuna!"

"Malam, rage murya," in ji sakataren sashen manyan digiri. "Ka san ƙa'ida. Kundin digiri na uku ba ya zuwa gaban masu jarrabawa sai na'ura ta tantance shi. Naka kuwa ta ce babi biyu cif kwafe ne daga wani kundin."

Kan Malam ya ɗau zafi. Shekaru ke nan yana koyarwa da safe, yana rubutu da yamma, har furfura ta fito masa. Bana kuma wa'adinsa ke cika, jami'a ba ta ƙara wa kowa.

"To sace min aka yi!"

"Kowa haka yake cewa." Sakataren ya gyara tabarau. "Hanya biyu ce. Ko a kore ka, ko ka kawo shaida mu rubuta wa jami'ar wanda ya sace maka. A ƙwace digirinsa, aikinsa ma ya bi ruwa."

"A ƙwace! Ko ɗan uban waye, sai na ga bayansa."

Sakataren ya juyo masa da kwamfutar. Kundin digiri na biyu ne, na bara, daga wata jami'a. Sunan matar Malam ne a jiki. Ita ke buga masa duk abin da ya rubuta da biro, tana cewa, "Baban yara, je ka huta." Shi ya riƙe mata jaririya ranar da ta karɓi digirin.

"To, Malam," in ji sakataren. "Mu rubuta musu?"