Ruwan Wanki a Bakin Ƙofa

Da aka ce maƙwabciyarta ta rasu, tsohuwar ta je gaisuwa ne kawai don gudun surutun mutane. Shekara shida matar nan tana kwararo mata ruwan wanki a bakin ƙofa kowace safiya. Ita kuwa sai ta fito da tsintsiya, tana shara tana zazzaga masifa.

Za ta tafi ke nan, 'yar marigayiyar ta riƙo hannunta.

"Inna, ki yafe wa Mama."

"Na yafe. Amma me na tsare mata, 'yar nan?"

"Ba komai wallahi. Da ɗanki ya rasu, wata biyu kika yi a kulle. An yi lallashin duniya, kin ƙi fitowa. Ran da ruwanmu ya gangara wajenki bisa kuskure, sai ga ki a waje kina faɗa. Mama ta shigo tana hawaye, ta ce, 'Alhamdu lillahi, ta fito.' Tun daga ranar ba ta fasa ba."

Washegari tsohuwar ta fito da tsintsiyarta. Bakin ƙofar a bushe yake ƙamas. Ta daɗe a tsaye.