Sabulun da Ba Ya Kumfa

Hajiya Meimuna na tankaɗe a tsakar gida ta jiyo ɗanta Zulkifli ta taga yana waya da Faransancin nan nasu mai gauraye. Kalmomi ta tsinta jefi-jefi: *port*, *enveloppe*, *opération*, sai kuma *soap*.

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta yi boko ba, amma wadda ta tsufa tana tsallaka iyakar Aflao zuwa ƙasar masu Turanci ai ba a fassara mata *soap*. Sabulu ne, kuma shi take sayarwa a kasuwar Adawlato. Yaron da ko ƙofar sitonta ba ta taɓa bari ya leƙa ba, me ya haɗa shi da sabulu da tashar jirgin ruwa da ambulan?

Tun da ya samu aikin kwamfuta a wani kamfani a unguwar Tokoin ya koma shiru-shiru, ita kuwa ba ta yarda da mai shiru ba. In abin da take zargi gaskiya ne, to ta rasa ɗa, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta.

Da safe ta tare shi kan koko.

"Zauna. Wane sabulu ne kake zancensa a *port*?"

Ja'irin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya buɗe kwamfuta, ya nuna mata wani rubutu cunkushe da 'yan tsinaye.

"Mma, wannan WSDL ne, da yaren kwamfuta na XML ake rubuta shi. Kamar allon ƙofar shago yake, yana gaya wa wata kwamfuta aikin da tamu ke yi da yadda za ta tambaya. *Opération* shi ne aikin, *port* adireshin, SOAP kuma yadda ake naɗe saƙo, shi ya sa muke cewa *enveloppe*. Sabulunmu ba ya kumfa."

Ta daɗe tana duban ƙwayar idonsa, ba ta ga komai ba sai yarinta. Ta yi ajiyar zuciya, ta sa masa albarka, har da ƙarin ƙosai.

Sai da ta ji mai babur ya fita da shi daga layin, sannan ta kwance ƙaramar wayar da ke ƙulle a bakin zaninta, ta kira mai kula mata da kaya.

"Kimba, yaron bai san komai ba. Ku fito da kwalayen sabulun daga *port* yau, ka ba direba ambulan ɗinsa. A sauke a hankali, kada ƙwayoyin da ke ɓoye a ciki su zube."