Mutumin Shafi Na Uku

Awaisu ya buɗe kundin hotunan da kamfanin inshora ya ba shi. Manoma sun toshe ƙofar zauren Alhaji Bature na Maska, ta cikin gida kuwa ba ta baƙo ba ce. Ogansa ya riga ya gaya masa, in yau ma ba wanda ya sa hannu, kada ya dawo ofis.

Ya ɗaga shafi na uku. Rumbun masara ne ya ƙone ƙurmus, ga wani mutum ya ɗora hannu a ka.

"Alhaji, wannan bawan Allah bai yi inshora ba," ya ce, yadda aka koya masa. "Baƙin ciki ne ya kashe shi."

Alhaji ya ƙura wa hoton ido, sannan ya dubi ƙofa.

"Habila, matso ka gani. Yau ma ka mutu."

Mutumin da ya tare ƙofar ya sunkuyo, fuskarsa sak ta hoton.

"Wanda kuka turo bara cewa ya yi hawan jini ne. Kai fa, samari, da kai aka binne ni?"