Ba Mai Wuce Ta

Tun da ta shiga ƙungiyar gudu ta jami'a, ba wanda ya taɓa wuce ta a atisaye. Ita kuwa ta san kanta, ko akuya mai ciki sai ta tsere mata.

Karatun likita ba ya jira, shi ya sa take gudu tana bitar darasi da ƙarfi. Amma duk sanda ta waiga, ga 'yan ƙungiyar manne da ita, tsit, har da kyaftin ɗan ajinsu. Raina ta suke yi, ko bidiyo suke ɗauka?

Ranar nan ta kame bakinta, don ta ga iyakarsu.

Kyaftin ya matso. "'Yar'uwa, ci gaba mana. Jiya a ƙoda kika tsaya, kuma jibi ce jarrabawa."