Rinin da Ya Ƙetare

Rinin ya ƙetare! Shekara uku ina ɗura wa ƙwayar halittar zuciya koren rini, ta ƙi buɗe 'yan ƙofofinta ta miƙa wa maƙwabciya. Yau, saura kwana biyu Farfesa ya rufe binciken, na sauya magani, sai ga hasken rinin yana shiga gida-gida, daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba.

Sai ga sakatariyarmu da tiren jan sharbat na baiko, ta ɗauka guɗar aure ce.

"Barka, 'yata! Saurayin nan ɗan Iskandariyya ne angon?"

"Wane ango, Anti? Zo ki gani."

Ta leƙa madubin duba ƙwayoyin halitta, ta daɗe.

"To ai ga biki nan!"

Ta rangaɗa tata. Ofishin gaba ya amsa, sannan na gabansa.