Kofin da Ba a Sha Ba

"Wannan ƙazantar kuka tara mu mu gani?"

Abu Mazin, attajirin da ya gina gidan tarihin, ya nuna wani kofi cikin gilashi. Gahawar ciki ta bushe ta yi baƙi. Manyan Amman da suka zo buɗe baje kolin suka kwashe da dariya.

Ya juyo kan Tamadur, mai fasahar. "Ke, ko wanke-wanke ba a koya miki ba?"

"Baffa, ka fi ni sanin al'adarmu. Mai roƙo ba ya shan gahawa sai an biya masa buƙata."

"To sai me?"

"Kofin falonka ne. Babana ya fito da shi ranar da ya roƙe ka ka bar mana gonarmu ta zaitun."

Ta nuna ƙasan da aka gina gidan tarihin a kai.

"A kanta kake tsaye."